Halin da Ruwan Duniya Yake Ciki da Inda Aka Dosa: Tambayoyi da Amsoshi

Shin gaskiya ne cewa ruwan duniya yana ƙarewa?

Idan ana maganar yawan ruwan da ke doron ƙasa baki ɗaya, to ba ya raguwa, domin ruwan da zafin rana yake ɗauka daga teku shi ne yake haɗuwa ya zama hadari, ya zubo, ya bi ƙoramu da koguna, wani ya nutse cikin ƙasa, saura kuma ya koma inda ya fito. Sai dai kimanin kashi 97 cikin ɗari na wannan ruwa na gishiri ne, ba ya shayuwa, ba a ban-ruwa da shi. Ɗan abin da ya rage na ruwan daɗi, kusan kashi biyu cikin uku nasa ƙanƙara ne da ta daskare a ƙarshen kudu da ƙarshen arewacin duniya da kan manyan duwatsu, mafi yawan ragowar kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Koguna da tafkunan da ido yake gani, waɗanda aka kafa yawancin birane da gonaki a bakinsu, ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ruwan daɗin ba.

Abin da ke ƙarewa shi ne ruwa mai amfani a wani wuri takamaimai, a lokacin da ake buƙatarsa. Mutanen duniya sun haura biliyan 8 a watan Nuwamban 2022, ruwan da ake ɗiba kuma ya ninka kusan sau shida a cikin shekaru 100 da suka wuce, alhali kogunan da ake ɗiba daga gare su su ne dai na jiya.

Ta yaya ake gane cewa ƙasa tana cikin ƙarancin ruwa?

Ma'aunin da aka fi sani shi ne wanda wata masaniyar ruwa 'yar ƙasar Suwidin, Malin Falkenmark, ta fito da shi. Akan lissafa ruwan da ke sabuntuwa kowace shekara a ƙasa, a raba shi da yawan jama'arta, ana aunawa da kubik mita, wato lita 1,000, daidai da jarka 40 mai cin lita 25. Idan rabon mutum ɗaya ya gaza kubik mita 1,700 a shekara an fara shiga matsi, idan ya gaza 1,000 ƙarancin ya tabbata, idan kuwa ya gaza 500 ya yi tsanani. Rabon mutumin Masar bai kai 600 ba, na mutumin Jodan kuwa ko 100 bai kai ba.

Lissafin yana da amfani, amma yana ɓoye abubuwa da yawa. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fi kowace ƙasa ruwa a Afirka, duk da haka miliyoyin mutanenta ba su da famfo ko rijiya mai tsafta, yayin da a Singafo, wadda ba ta da wani babban kogi, kowane gida yake samun ruwa dare da rana. Shi ya sa masana suke raba ƙarancin gida biyu: akwai inda ruwan ne babu, akwai kuma inda ruwan yana nan amma babu kuɗi ko tsari ko shugabancin da zai kai shi ga mutane. Mafi yawan abin da ke damun Afirka kudu da Sahara irin na biyun ne.

Wane fanni ne ya fi cin ruwa?

Noma ne, kuma da tazara mai yawa. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na ruwan da ake ɗiba daga koguna da tafkuna da ƙarƙashin ƙasa yana tafiya ne ga ban-ruwa, masana'antu da tashoshin wutar lantarki suna ɗaukar kusan kashi 20, amfanin gida kuma ya tashi da saura. A ƙasashe irin su Pakistan da Sudan rabon noma ya haura kashi 90. Ba a banza yake tafiya ba, domin gonakin ban-ruwa, waɗanda ba su wuce kashi 20 na filayen noman duniya ba, su ne suke ba da kusan kashi 40 na abincin da ake ci.

Kilo ɗaya na shinkafa yakan sha kimanin lita 2,500 tun daga shuka har girbi, wato buhu mai kilo 50 ya sha abin da ya kai jarka 5,000 kafin ya iso kasuwa. Auduga ta fi haka sha, naman shanu kuma ya fi auduga, ko da yake yawancin na shanun ruwan sama ne da ciyawa ta sha. Wannan ne ya sa ƙasashe irin su Masar da Saudiyya suke sayo alkama daga waje, domin sayen hatsi ya fi musu sauƙi a kan nemo ruwan da za su noma shi duka a gida.

Akan yawaita kiran mutane da su rufe famfo yayin alwala ko wanke baki, kuma kira ne mai kyau, amma ƙasar da take son rage ɓarnar ruwa da gaske, gona ya kamata ta fara dubawa. Ban-ruwa na ɗigo, inda siririn tiyo yake kai ruwa gindin kowace shuka, yana rage abin da kadada ɗaya take sha ƙwarai. Sai dai an sha ganin inda manomi ya samu rarar ruwa ta wannan hanya sai ya faɗaɗa gonarsa, daga ƙarshe abin da ake ɗiba daga kogin ya ƙaru. Matuƙar ba a ƙayyade yawan abin da za a ɗiba ba, dabarar ita kaɗai ba ta hana kogi ƙafewa.

Mutum nawa ne ba sa samun tsaftataccen ruwan sha?

Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya nuna cewa a shekarar 2022 mutane biliyan 2.2 ba su da ingantaccen ruwan sha, wato ruwan da bai gurɓata ba, yake cikin gida ko harabarsa, kuma ake samunsa duk lokacin da aka buƙata. Waɗanda ba su da ingantaccen tsarin bayan gida sun kai biliyan 3.5, kuma matsalolin biyu a sarƙe suke, domin masai da aka haƙa dab da rijiya, ko bahayar da ruwan sama ya kwaso zuwa kududdufi, su ne hanyar da kwalara da taifod da gudawar yara suke bi.

Alƙaluman ba sa nuna yadda abin yake a cikin unguwa. A birane da dama na Najeriya da Nijar akwai gidajen da aka ja wa bututu shekaru da yawa amma famfon ya zama ado, sai an jira mai kura ya turo jarkokinsa masu ruwan ɗorawa daga wata rijiyar burtsatse ta haya, a sayi jarka biyu ko uku, a juye a randa, a yi ta lallaɓawa har gobe. Idan aka kwatanta lita da lita, mai sayen ruwan kura yana biyan ninkin-ba-ninkin abin da mai famfo mai zuwa yake biya, alhali shi ne mai ƙaramin ƙarfi. A karkara kuwa nauyin yana kan mata da 'yan mata, waɗanda UNICEF ta ƙiyasta cewa suna kashe sa'o'i miliyan 200 kowace rana wajen ɗebo ruwa a faɗin duniya.

Tunda akwai ruwa a ƙarƙashin ƙasa, me zai hana a yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse?

Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, kuma maganar ta zauna daidai a zamanin da guga da jigo ne kaɗai abin ɗiba, ƙarfin hannu kuma shi ne iyakar abin da za a iya fitarwa. Injin dizal da na lantarki, yanzu kuma da na hasken rana, sun canza lissafin. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ajiya ce da damina take ƙara wa kaɗan-kaɗan, kuma duk inda ɗiba ta fi ƙari yawa, sai ruwan ya yi ta yin ƙasa, masu gajerun rijiyoyi su fara rasawa, masu kuɗi su ƙara zurfi.

Indiya ce ta fi kowace ƙasa ɗibar wannan ruwa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da duniya take ɗiba. A jihar Punjab, inda ake ba manoma wutar lantarki kyauta, gwamnati kuma take sayen shinkafa da alkama a kan tsayayyen farashi, ruwan ya daɗe yana ja da baya, domin babu abin da zai sa manomi ya kashe inji. Saudiyya ta noma alkama a cikin hamada har ta riƙa fitarwa waje a shekarun 1980 da 1990, da ruwan da ya taru tun dubban shekaru lokacin da yankin yake samun ruwan sama, wanda ba ya sabuntuwa. Da ta ga ajiyar tana zurarewa sai ta fara janyewa, ta kawo ƙarshen shirin a 2016. Irin wannan tsohon ruwa ne Libiya take jawowa daga hamadar kudancinta zuwa biranen gaɓar teku ta manyan bututun da aka fara aikinsu a 1984, wani ɓangare na ajiyar kuma ya ratsa ƙarƙashin Masar da Sudan da Chadi.

Akwai illolin da ba na ƙafewa ba. Arewacin Jakarta yana nutsewa saboda yawan zuƙe ruwan da ke ƙarƙashinsa, kuma hakan yana cikin dalilan da suka sa Indonesiya ta yanke shawarar gina sabon babban birni. A Bangladesh an haƙa miliyoyin rijiyoyin tuƙa-tuƙa domin raba mutane da gurɓataccen ruwan tafki, sai a shekarun 1990 aka gano cewa da yawa daga cikinsu suna ɗauke da gubar arsenik da ke cikin ƙasar tun asali.

A Afirka kudu da Sahara labarin ya bambanta, domin a yawancin wurare ba a kai ga cin ajiyar ba, har yanzu da sauran sarari. Abin da ya fi damun karkara shi ne gyara. Bincike ya sha nuna cewa aƙalla ɗaya cikin biyar na famfunan tuƙa-tuƙa ba ya aiki a duk lokacin da aka duba, sau da yawa saboda wani ƙaramin ƙarfe ko roba da ba a ɗora wa kowa alhakin sayensa ba ranar da aka yi bikin buɗe rijiyar.

Me ya faru da Tekun Aral, kuma shin irinsa ne yake faruwa da Tafkin Chadi?

Tekun Aral, wanda a haƙiƙa tafki ne tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, shi ne na huɗu a girma a duniya a 1960, da faɗin murabba'in kilomita kusan 68,000. Gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta karkatar da koguna biyun da ke shayar da shi, Amu Darya da Syr Darya, zuwa gonakin auduga, cikin shekaru 50 ya koma kusan kashi 10 cikin ɗari na girmansa. Garin Muynak, wanda a da tashar masunta ce, yau ruwa ya yi masa nisan kilomitoci masu yawa, jiragen kamun kifi suna kwance a kan yashi sun yi tsatsa, iska kuma tana kwasar ƙurar gishiri da ragowar maganin ƙwari tana watsa wa mazauna yankin. A 2005 Kazakistan ta kammala madatsar Kok-Aral da taimakon Bankin Duniya, ɓangaren arewa ya farfaɗo har kifi ya dawo, ɓangaren kudu kuwa yawancinsa ya zama hamada.

Akan ambaci Tafkin Chadi tare da Aral, amma ciwon ba ɗaya ba ne. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, sai farin shekarun 1970 da na 1980 suka mayar da shi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, ya rabu gida biyu, garuruwa irin su Baga da Nguigmi suka wayi gari ruwa ya yi musu nisa. Babban dalili shi ne ƙarancin ruwan sama a yankunan da kogunan Chari da Logone suke tasowa, waɗanda ke kawo kimanin kashi 90 na ruwan tafkin, kuma da yake ba shi da zurfi, ƙaramin canji a abin da ke shiga yakan janye gaɓa da nisa ƙwarai. Tun daga shekarun 1990 bai ci gaba da raguwa ba, har yakan cika sosai a shekarun da damina ta yi ƙarfi, ko da yake ciyayi sun rufe wani sashe nasa. Saboda haka maganar da ake yawan maimaitawa cewa tafkin yana dab da ɓacewa ba ta yi daidai da abin da hotunan tauraron ɗan'adam suke nunawa ba.

Hukumar Tafkin Chadi, wadda Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya suka kafa a 1964, ta daɗe tana nazarin jawo ruwa daga yankin kogin Kwango, amma aikin bai wuce takarda ba. A shekarun nan rashin tsaro ya fi ƙarancin ruwa hana masunta da manoma da makiyaya cin moriyar tafkin.

Madatsun ruwa magani ne ko matsala?

Amsar ta danganta da wanda aka tambaya, na sama da madatsar ne ko na ƙasa da ita. Madatsa tana tara ruwan damina domin rani, tana ba da wuta, tana rage ƙarfin ambaliya, kuma ba don madatsar Aswan da aka kammala a 1970 ba, da farin shekarun 1980 ya yi wa Masar mummunar illa. A ɗaya ɓangaren, wani kwamiti na duniya da ya yi nazarin manyan madatsu ya ƙiyasta a rahotonsa na 2000 cewa sun raba mutane miliyan 40 zuwa 80 da muhallansu.

Akwai misali na kusa. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da ta biyo baya a 1992 sun ba Kano ruwan sha, Tiga kuma ta raya noman rani a Kura da Kadawa. Amma can ƙasa, a dausayin Haɗejiya da Nguru, rayuwar jama'a ta ginu ne a kan malalar shekara-shekara: ruwa ya zo a yi shinkafa da kamun kifi, ya janye a shuka a danshi, shanu su samu ciyawa a tsakiyar rani. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, faɗin malalar ya ragu, kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse dindindin, wasu ruwa ya daina kai musu, tsuntsayen jan-baki kuma suka samu mafaka suna afka wa hatsi. Nazarin tattalin arziki da aka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan ya fi kawo amfani a dausayin fiye da a gonakin ban-ruwa na sama, sai dai amfanin dausayi a warwatse yake cikin kifi da itace da kiwo, ba ya bayyana a kasafin kuɗin kowace hukuma.

Sai kuma batun kulawa, domin madatsa tana tsufa, laka tana cika ta. A Satumban 2023 madatsu biyu suka ɓalle a Derna ta Libiya, dubban mutane suka rasu, a Satumban 2024 kuma ta Alau ta fashe ruwa ya mamaye Maiduguri. Kuɗin gina sabuwa ya fi sauƙin samu a kan kuɗin duba tsohuwa.

Ina sauyin yanayi ya shigo cikin wannan magana?

Iska mai ɗumi ta fi riƙe tururin ruwa, kimanin ƙarin kashi 7 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi, saboda haka ƙasa takan fi saurin bushewa, idan kuma ruwan ya tashi zuba sai ya zubo da yawa a ɗan lokaci. Somaliya da sassan Habasha da Kenya sun rasa damina biyar a jere daga ƙarshen 2020, ambaliyar Pakistan ta 2022 kuma ta shafi mutane miliyan 33. A yankin Sahel ruwan sama ya farfaɗo bayan farin shekarun 1980, amma yakan zo ne kamar da bakin ƙwarya, da dogon tsaiko a tsakani. Ƙanƙarar duwatsun Himalaya da makwabtansu, wadda take shayar da kogunan da kusan mutane biliyan 2 suke zaune a yankunansu, tana narkewa, abin da zai ƙara ruwa na ɗan lokaci kafin ya fara raguwa.

Ya kamata dai a yi hattara, kada sauyin yanayi ya zama abin fakewa. Ba shi ne ya cika magudanai da leda ba, ba shi ne ya sayar da fuloti a kan hanyar ruwa ba.

Shin za a yi yaƙi a kan ruwa?

An daɗe ana hasashen haka, amma tarihi ya nuna cewa ƙasashe sun fi ƙulla yarjejeniya a kan ruwa fiye da ɗaukar makami, duk da cewa koguna da tafkuna fiye da 260 ne suka ratsa iyakokin ƙasa da ƙasa. Wannan bai hana zaman ɗar-ɗar ba.

Kogin Nilu ne misalin da ya fi fitowa fili. Yarjejeniyar 1959 ta ba Masar kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan biliyan 18.5, ba tare da an ware komai ga Habasha ba, alhali kusan kashi 85 na ruwan da ke isa Masar daga tsaunukanta yake gangarowa. Habasha ta fara gina babbar madatsarta a 2011, ta fara tara ruwa a 2020, ta ƙaddamar da ita a Satumban 2025, mai ɗaukar kubik mita biliyan 74 da ƙarfin wutar da ya haura megawat 5,000. Madatsar ta wuta ce, ruwan da ya juya injina zai ci gaba da tafiya, don haka ainihin gardamar ita ce yadda za a riƙa sakin ruwa idan aka yi fari na shekaru a jere, kuma har aka ƙaddamar da ita ba a cimma yarjejeniyar da ta ɗaure ɓangarorin uku ba. Tsoron Masar, wadda ta dogara da Nilu a kan fiye da kashi 90 na ruwanta, yana da tushe, haka ma buƙatar Habasha, inda miliyoyin gidaje ba su da wuta.

Yarjejeniyar kogin Indus da Indiya da Pakistan suka sa wa hannu a 1960 ta tsallake yaƙe-yaƙen da ƙasashen biyu suka gwabza, sai a Afrilun 2025 Indiya ta ce ta jingine ta bayan wani hari a Kashmir. Misali mai daɗi kuwa yana Afirka ta Yamma: Mali da Muritaniya da Senegal sun kafa hukumar kogin Senegal a 1972, Gini ta shigo daga baya, kuma madatsun Manantali da Diama mallakar haɗin gwiwa ne, ana raba kuɗin gini da wutar da aka samu bisa ƙa'idar da aka amince da ita.

Inda jini ya fi zuba a kan ruwa shi ne ƙasa-ƙasa, tsakanin manomin da ya shuka a fadama da makiyayin da burtalinsa zuwa mashaya ya toshe. Irin wannan rikici ba ya shiga lissafin yaƙin ƙasashe.

Babban birni zai iya wayar gari babu ruwa?

An kusa ganin haka a Cape Town ta Afirka ta Kudu a farkon 2018, bayan fari na shekara uku. Hukuma ta sanar da ranar da za a rufe famfunan gidaje, kowa ya koma bin layi yana karɓar lita 25 a rana, wato jarka ɗaya. Kafin ranar ta zo an ƙayyade wa kowane mutum lita 50, an rage ƙarfin ruwa a bututu, an ƙara kuɗi ga masu yawan amfani, an rage rabon gonaki, har birnin ya zabtare fiye da rabin abin da yake sha a da, sannan damina ta kawo ɗauki. Chennai ta Indiya ta shiga irin wannan hali a 2019, har sai da aka riƙa kawo ruwa da jirgin ƙasa. Su kuwa mazauna unguwannin da famfo bai taɓa zuwa ba, a can da sauran wurare, jarka ɗaya a rana ba sabon labari ba ne gare su.

Tace ruwan teku ba zai warware matsalar ba?

Ya warware ta ga wasu. Kuwait da Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna samun mafi yawan ruwan shansu ta wannan hanya, Saudiyya da Isra'ila ma sun dogara da ita sosai. Amma kowane kubik mita yana cin wutar lantarki kimanin kilowat 3 zuwa 4 na sa'a guda, ana kuma barin ruwa mai tsananin gishiri da ake mayarwa teku. Dabara ce ta birni mai kuɗi da ke bakin teku. Tsadarta ta fi ƙarfin noman hatsi, kuma ba ta da amfani ga Nijar ko Chadi da ba su da gaɓa.

Wadda ta fi dacewa da wurare masu nisa da teku ita ce tace ruwan da aka riga aka yi amfani da shi. Windhoek, babban birnin Namibiya, yana mayar da irin wannan ruwa cikin famfon sha tun 1968, Singafo kuma ta bi sahu a farkon shekarun 2000.

Ya dace a sayar da ruwa, ko haƙƙi ne da ya kamata a bayar kyauta?

A watan Yulin 2010 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa samun ruwan sha da tsaftar muhalli haƙƙi ne na ɗan'adam. Amma tace ruwa da tura shi da gyaran bututu duk suna cin kuɗi, kuma hukumar da ba ta tara abin da zai biya dizal da alif da albashi, famfonta zai daina zuwa, talaka ya koma wurin mai kura. Ƙarin kuɗi na gaba-gaɗi shi ma yana da nasa haɗari, kamar yadda aka gani a Cochabamba ta Bolibiya a 2000, inda aka miƙa ruwan birni ga kamfani, kuɗi ya yi tashin gwauron zabi, jama'a suka fito zanga-zanga har aka soke kwangilar. Afirka ta Kudu ta ɗauki hanyar tsakiya daga 2001, inda aka ware lita 6,000 kyauta ga gida a wata, wanda ya wuce haka ya biya.

Kafin a kai ga gardamar farashi akwai ruwan da ke salwanta a hanya. A birane da yawa kashi 30 zuwa 50 na ruwan da aka tace ba ya kawo ko kwabo, saboda fasassun bututu da jonin sata da rashin mita. Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, yana asarar kashi 72 a 1993. Aka sauya bututu, aka sa mita a kowane gida, aka tilasta wa manyan jami'ai da ma'aikatun gwamnati biyan kuɗin ruwa, asarar ta sauko ƙasa da kashi 10, ruwa ya riƙa zuwa dare da rana, har aka samu sararin rangwanta wa marasa ƙarfi. Hukumar da ta yi wannan aiki ta gwamnati ce, wanda ke nuna cewa yadda ake tafiyar da hukuma ya fi wanda ya mallake ta muhimmanci.

Za a cimma burin ruwa ga kowa nan da 2030?

Da wuya. Buri na shida cikin muradun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 2015 shi ne kowa ya samu ruwa da tsaftar muhalli nan da 2030, amma rahoton 2023 ya nuna cewa sai an ninka saurin da ake tafiya a kai sau shida kafin a kai ga haka a fannin ruwan sha. Babban taron ruwa da Majalisar ta yi a New York a Maris na 2023, na farko irinsa tun wanda aka yi a Ajantina a 1977, ya ƙare da alƙawuran sa-kai da ba su ɗaure kowa ba.

Ana hasashen mutanen Afirka za su kusan kai biliyan 2.5 a 2050, yawancin ƙarin kuma a birane zai kasance, yayin da filayen ban-ruwa a kudu da Sahara ba su wuce kashi 5 ko 6 na gonaki ba, wato noman rani zai faɗaɗa kuma zai nemi ruwa daga kogunan da birane suke sha. Wasu dabarun da suka yi aiki ba su da tsada: tassa da ramukan rabin-wata da manoman Tahoua suke haƙawa a fako suna tsayar da ruwan sama ya nutse maimakon ya gudu, har ƙasar da aka fitar da rai da ita ta koma ba da gero. Giɓin da ya fi hana tsari shi ne na awo, domin tashoshin auna gudun koguna sun yi ƙaranci a yawancin Afirka, rijiyoyin burtsatse na gidaje da kamfanoni a birane irin su Kano da Legas kuma ba su da cikakkiyar rajista. Taurarin ɗan'adam na GRACE, da aka fara harbawa a 2002, suna iya nuna ƙaruwa ko raguwar ruwa a yanki mai faɗin gaske, amma na gari ɗaya sai an ware rijiyoyin gwaji ana auna zurfinsu wata-wata, ana adana sakamakon inda masu ba da izinin haƙa rijiya za su gan shi.